Yahudawan Ingila Da Yadda Suka Yaƙi Ƙazafi

 

Cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wani ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati, wanda aka tura kwas na wata shida ƙasar Ingila. Ya ce a unguwar da ya sauka, a arewacin birnin Landan, akwai wata makarantar firamare, kullum in zai wuce sai ya ga dogon shinge na ƙarfe da masu gadi a bakin ƙofa suna duba duk mai shiga. Da ya tambaya sai aka ce masa ai makarantar 'ya'yan Yahudawa ce. Bayan ya komo gida ya ba abokan aikinsa labari, sai ɗaya daga cikinsu ya ce wannan duk yaudara ce, mutanen da suke juya duniya kamar waina a tanda, tsoron me za su ji? Har ya aiko masa da wani littafi ta waya, wanda aka ce shi ne asirin shirinsu. To, shi ne ɗan'uwan nan yake tambaya: Malam, wanne zan gaskata, abin da idona ya gani ko abin da littafin nan ya ce? Kuma ya halatta in tura shi ga wasu?

Wannan tambaya ta cancanci amsa mai tsawo, domin ta shafi hakkin bayin Allah, ta kuma shafi abin da za a tambayi mutum ranar gobe game da harshensa da hannunsa. Zan bi tarihin mutanen nan a ƙasar Ingila kaɗai, tun da can mai tambaya ya ga abin da ya gani.

SU WANE NE, KUMA ME YA SAME SU?

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2021, waɗanda suka ce addininsu Yahudanci ne a Ingila da Wels kimanin 271,000 ne, watau mutum 1 cikin kowane 200. Musulmin da ke can kuwa sun kai miliyan 3.9, sun ninka su fiye da sau 14. Ashe 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma sun daɗe da sanin abin da ke samun 'yan tsiraru.

Cikin shekarar 1144 aka tsinci gawar wani yaro a bayan garin Norwich. Bayan 'yan shekaru sai wani malamin kirista ya rubuta cewa Yahudawan garin ne suka kashe shi saboda ibadarsu. Ba shi da shaida, amma maganar ta kama, ta bazu cikin ƙasashen Turai, daga baya ma aka ƙara mata gishiri cewa da jinin yara suke kwaɓa gurasar idinsu. Cikin 1190 jama'a suka yi wa Yahudawan birnin York ƙawanya a cikin wata hasumiya, mutum wajen 150 suka hallaka. A nan ina son 'yan kasuwa su lura da abu ɗaya: da aka gama kisan, jagororin tarzomar, waɗanda ake bin su bashi, sai suka zarce babbar majami'ar garin inda ake ajiye takardun bashi, suka cinna musu wuta. Sau da yawa in ka ga ana zuga talakawa da sunan addini su far wa wasu mutane, in ka bincika za ka tarar da mai cin riba a bayan fage. Daga bisani, cikin 1290, Sarki Edward na Ɗaya ya kore su daga ƙasar ƙaƙaf, ba su sami komowa a fili ba sai 1656, bayan shekara 366.

To, mutanen da suka ga irin wannan, yaya suka yi da suka komo? Ba su da runduna, ba su da yawan da za su rinjayi kowa a zaɓe. Abin da na fahimta daga tarihinsu shi ne sun dogara ga abubuwa huɗu, zan kuwa kawo su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO, BAKI ƊAYA A GABAN HUKUMA

Cikin 1760, sa'ad da Sarki George na Uku ya hau gado, Yahudawan Landan ƙungiya biyu ne, waɗanda asalinsu Andalus da Fotugal, da waɗanda suka fito daga Jamus da Folan. Kowa da majami'arsa da al'adarsa, ba kuwa kullum suke ga maciji da juna ba. Amma suka yarda cewa in magana ta shafi hukuma za su riƙa shawara tare. Daga nan aka sami majalisar wakilansu, wadda suke kira Board of Deputies, tana nan har yau, majami'u da ƙungiyoyi suna zaɓen wakilai su tura mata.

Ga misalin irin haƙurin da suka yi wajen neman hakki. Cikin 1847 mutanen tsakiyar Landan suka zaɓi wani attajiri Bayahude, Lionel de Rothschild, ya wakilce su a Majalisar Dokoki. Amma rantsuwar shiga majalisa a lokacin tana ƙunshe da kalmomin da ke nuna mai rantsuwa kirista ne. Da ya so da ya furta su da baki ya wuce, kujera ta zama tasa. Ya ƙi. Aka sake zaɓe, mutanensa suka sake zaɓensa, ya sake zuwa, ya sake ƙi. Majalisar talakawa ta yi ta zartar da dokar gyara, ta dattawa tana mayarwa. Shekara 11 ana wannan ja-in-ja, sai cikin 1858 ya shiga ya yi rantsuwa bisa littafin addininsa, kansa a rufe. Cikin 1866 aka cire kalmomin daga rantsuwar gaba ɗaya. Ta wannan ƙofa ce Muhammad Sarwar, Musulmi na farko da aka zaɓa cikin majalisar, ya shiga cikin 1997 ya yi rantsuwa da Alƙur'ani.

Haka kuma maganar yanka. Yahudawa ba su cin mushe, ba su cin jini, ba su cin alade, kuma suna da sharuɗɗan yanka masu tsanani. Da aka kafa dokar mahauta ta 1933, wadda ta ce a sumar da dabba kafin a yanka, sai aka keɓe yankan Yahudawa da na Musulmi daga wannan sharaɗi. Musulmi a lokacin kaɗan ne a ƙasar. Cikin 1985, da kuma 2003, kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan dabbobin kiwo ya nemi a soke wannan keɓewa, al'ummomin biyu suka tashi tsaye, gwamnati ta ƙi sokewa. Ɗan'uwanmu da ya ci naman halal a Landan hankalinsa kwance, ya sani cewa cikin waɗanda suka share masa wannan hanya har da mutanen da ya ga ana gadin makarantarsu.

NA BIYU, TARAR ƘARYA DA HUJJA

Cikin watan Fabrairu na 1840 wani limamin kirista, baƙo daga Turai, ya ɓace tare da baransa a birnin Dimashƙa na ƙasar Sham. Jakadan Faransa a birnin ya tsaya kai da fata cewa Yahudawa ne suka yanka su don jini, watau dai tsohon ƙazafin nan da ya samo asali daga Norwich ya ƙetaro teku ya shigo ƙasar Musulmi. Gwamna ya kama manyan Yahudawan garin, aka azabtar da su, waɗansu suka mutu a hannu. Sham a lokacin tana ƙarƙashin Muhammadu Ali, mai mulkin Masar.

Shugaban majalisar wakilan Yahudawan Ingila, Moses Montefiore, ya shiga jirgin ruwa tare da wani lauya Bayahude daga Faransa, Adolphe Crémieux, suka sauka Iskandariyya, suka yi ta kai gwauro suna kai mari har Muhammadu Ali ya ba da umurnin a saki waɗanda suka rage da rai. Montefiore bai tsaya nan ba, domin ya san sakin fursuna ba ya wanke suna. Ya zarce Santambul wurin Sarkin Musulmi na daular Turkawa, Sultan Abdulmajid. Cikin watan Nuwamba na shekarar Sarkin ya fitar da takardar umurni mai ɗauke da hatiminsa, wadda ta bayyana cewa wannan tuhuma ƙage ce, cewa addinin Yahudawa ya haramta musu ko da jinin dabba, ta kuma hana a muzguna musu saboda ita a duk faɗin daular. A duba da kyau: ƙaryar daga Turai ta fito, wanda ya ƙaryata ta a rubuce kuwa shugaban Musulmi ne. Musulmin da ya ɗauki wannan ƙazafi a yau yana yaɗawa ya bar tafarkin nasa shugabannin ya bi na wani.

Yanzu sai mu zo kan littafin da aka aiko wa mai tambaya. Daga siffar da ya ba ni na gane shi, shi ne wanda Larabawa suke kira Burutukulatu Hukama'i Sahyun, wai bayanin taron asiri ne da dattawan Yahudawa suka yi don su mallake duniya. Ni kaina na saye shi a wurin masu baza littattafai bakin hanya zamanin da nake ɗalibta a ƙasar Larabawa, na karanta shi da ƙuruciya, ya kuwa kaɗa ni. Abin da ya fara sa ni shakka shi ne karatun da aka yi mana na ilmin hadisi. An koya mana cewa kafin a dubi abin da labari ya ƙunsa, sai a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, a ina suka haɗu. Na nemi wannan a littafin na rasa. Ba sunan garin da aka yi taron, ba ranar, ba sunan mutum ɗaya da ya halarta, ba asalin takardar. Da hadisi ne ya zo a wannan siffa, da ɗalibin shekarar farko ma ya jefar da shi.

Ga asalinsa. An fara buga shi a wata jarida a ƙasar Rasha cikin 1903. Ya fito da Turanci a Landan cikin 1920, har babbar jaridar nan The Times ta yi rubutu tana tambaya ko gaskiya ne. A wannan shekara majalisar wakilan Yahudawa ta buga raddi wanda wani marubucinsu, Lucien Wolf, ya rubuta, yana bin sawun inda aka tsinto maganganun. Sa'an nan cikin watan Agusta na 1921 wakilin The Times a Santambul, Philip Graves, wanda ba Bayahude ba ne, ya sami wani tsohon littafin Faransanci daga hannun wani ɗan gudun hijira na Rasha. Wani lauya mai suna Maurice Joly ne ya rubuta shi cikin 1864, yana zambo ga Sarkin Faransa Napoleon na Uku, kuma babu maganar Yahudawa a cikinsa. Graves ya jera sassan littattafan biyu kafaɗa da kafaɗa a jarida, kowa ya ga cewa kwafa aka yi, aka ɗauki makircin da aka jingina wa Sarkin Faransa aka ɗora wa Yahudawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk da haka Hitila da mutanensa suka rungumi littafin suka yi ta bugawa, ƙarshen abin kuwa shi ne kisan ƙare dangi da ya ci Yahudawan Turai kimanin miliyan 6 a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ko wannan kisa ma an sami masu musunsa. Wani marubuci Baturen Ingila, David Irving, ya kai ƙarar wata malamar tarihi Bayahudiya 'yar Amurka, Deborah Lipstadt, da kamfanin da ya buga littafinta, wai ta ɓata masa suna da ta ce yana musun kisan. Masu kāre ta suka sa masana tarihi suka bi littattafansa, suna komawa ga kowace takarda da ya ce daga ita ya ciro magana, suna gwadawa. Cikin watan Afrilu na 2000 alƙali ya yanke hukunci cewa Irving ya karkatar da hujjojin tarihi da gangan, ya faɗi ƙarar da shi da kansa ya shigar. Wannan aiki na bin ruwaya zuwa tushenta, ai mu ne muka fi kowa cancantar mu gane darajarsa.

NA UKU, MAKARANTA

Daga 1881 zuwa 1914 Yahudawa fiye da 100,000 suka kwararo Ingila suna gudun kisan gilla a daular Rasha. Matalauta ne, ba su jin Turanci, suka cunkushe a unguwannin gabashin Landan suna ɗinki da aikin takalma da kafinta. 'Yan ƙasa suka fara gunaguni, har aka kafa dokar taƙaita shigowar baƙi cikin 1905. Abin da attajiran al'ummar suka yi shi ne suka zuba dukiya a makarantu. Akwai wata makaranta tasu ta kyauta, wadda asalinta ya koma 1732, wajen shekarar 1900 ɗalibanta sun wuce 4,000, tana cikin mafiya girma a Turai. Ana koya wa yaro addininsa da harshen Ibrananci, ana kuma koya masa Turanci da lissafi, don ya fita ya nemi abinci, ya kuma iya tsayawa gaban alƙali ko ɗan majalisa ya yi magana da bakinsa. A yau fiye da rabin 'ya'yansu a makarantun al'ummarsu suke karatu, da yawa daga makarantun kuwa gwamnati ce ke biyan malamansu. Da wannan misali, da na makarantun kirista, Musulmin ƙasar suka kafa hujja har aka fara ba makarantun Islamiyya irin wannan taimako cikin 1998.

Ba 'ya'yansu kaɗai suka kula da karantarwa ba. Sun gane cewa ƙiyayya a cikin jahilci take tsiro, saboda haka suka nemi a koya wa 'ya'yan kowa abin da ya faru. Cikin 1988 aka kafa wata ƙungiya mai suna Holocaust Educational Trust, cikin 1991 kuma tarihin kisan ƙare dangin ya shiga manhajar makarantun gwamnati a Ingila. Waɗanda suka tsira daga sansanonin Hitila suka riƙa zagaya makarantu har cikin tsufansu suna ba yara labari baki da baki. Tun 2001 ana ranar tunawa kowace 27 ga Janairu, kuma a wannan rana ana ambaton waɗanda aka kashe a Kambodiya da Ruwanda da Darfur, da Musulmin Bosniya, waɗanda aka hallaka musu maza da samari wajen 8,000 a garin Srebrenica cikin 1995.

NA HUƊU, TSARO DA RUBUTA ABIN DA YA FARU

Kada mai karatu ya zaci kullum kansu haɗe yake. Cikin 1936 wani ɗan siyasa mai ra'ayin Hitila, Oswald Mosley, ya shirya zai ratsa unguwannin Yahudawa na gabashin Landan da dubban magoya bayansa masu baƙaƙen riguna. Aka tara sa hannun mutum wajen 100,000 ana roƙon gwamnati ta hana, ta ƙi. Majalisar wakilan Yahudawa ta shawarci mutanenta su zauna a gida. Talakawansu suka ƙi jin wannan shawara, ran 4 ga Oktoba suka fito tare da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da 'yan ƙwadago suka datse titin Cable Street, dole aka juya Mosley. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa dokar hana sa kayan sarki na jam'iyya a taron jama'a. Har yau suna muhawara a kan wa ya fi gaskiya, dattawa ko matasa, amma wannan saɓani bai rushe majalisarsu ba.

Masu gadin da ɗan'uwanmu ya gani kuwa, tsarinsu yana hannun wata ƙungiyar agaji da aka yi wa rajista cikin 1994, mai suna Community Security Trust. Tana horar da 'yan sa kai, tana aiki da 'yan sanda, gwamnati kuma tana ba da kuɗin gadin makarantu ta hannunta. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa a aikinta shi ne rubutu. Tun 1984 al'ummar take rubuta duk wani zagi ko duka ko ɓarna da aka yi wa Bayahude saboda Yahudancinsa, da rana da wuri. Ba duk abin da aka kawo musu suke ƙirgawa ba. In suka bincika ba su ga alamar ƙiyayyar addini ko jinsi ba, sai su ajiye shi gefe, su kuma faɗi yawan waɗanda suka ajiye a rahotonsu na shekara. Wannan tacewa ita ta sa hukuma take karɓar lissafinsu. Cikin 2023 sun rubuta fiye da 4,000. Ran 2 ga Oktoba 2025 kuma, ranar babban azuminsu, wani mutum ya kai hari wata majami'a a birnin Manchesta, masu ibada 2 suka rasa rayukansu, shugabannin Musulmin ƙasar suka yi tir da abin. To, ga amsar rabin tambayar: shingen da ɗan'uwanmu ya gani ba wasan kwaikwayo ba ne.

Cikin 2012, da wasu Musulmin Ingila suka kafa ƙungiyar Tell MAMA don rubuta irin wulaƙancin da ake yi wa Musulmi, musamman mata masu lulluɓi, wannan ƙungiya ta Yahudawa ce ta taimaka musu da dabarun aikin. Cikin 2013 aka ƙone cibiyar Musulmi 'yan Somaliya a arewacin Landan, wata majami'ar Yahudawa ta unguwar Finchley ta buɗe musu ɗakinta suka yi sallolin watan azumi. A wannan shekara kuma Musulmin birnin Bradford suka tara kuɗi suka ceci tsohuwar majami'ar Yahudawan garin da rufinta ke yoyo. Kowane ɓangare ya gane cewa in gemun maƙwabcinka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

TO, FALASƊINU FA?

Na san wannan tambaya tana bakin mai karatu tun ɗazu, ba kuwa zan kauce mata ba. Abin da ya sami Falasɗinawa na ƙwace ƙasa da kora da kisa, da abin da aka yi wa mutanen Gaza, zalunci ne, kuma faɗin haka da taimakonsu ta kowace halattacciyar hanya wajibi ne a kanmu. Gaskiya ne kuma majalisar wakilan Yahudawan Ingila ta daɗe tana goyon bayan ƙasar Isra'ila, kuma akwai masu sukarta, har daga cikin Yahudawa, cewa wani lokaci takan ɗauki sukar gwamnati a matsayin ƙin jinin al'umma. Wannan suka ce da za a iya yi da hujja.

Amma tarihi ya nuna ba su taɓa zama ra'ayi ɗaya a kan wannan ba. Cikin 1917 shugaban majalisar wakilan da kansa, David Lindo Alexander, ya sa hannu a wasiƙar da ta fito a jarida tana adawa da manufar Sahayoniyawa, abin da ya jawo ya sauka daga kujerarsa. Edwin Montagu, Bayahude ɗaya tak a majalisar ministocin lokacin, ya yi adawa mai tsanani da alkawarin Balfour. Cikin watan Afrilu na 2025 wakilai 36 na majalisar suka buga wasiƙa a jarida suna sukar gwamnatin Isra'ila kan yaƙin Gaza, har aka dakatar da wasu daga cikinsu. Mutanen da ke jayayya da juna haka a bainar jama'a, yaya za a ce suna da shiri ɗaya na asiri? Kuma ka'idar shari'armu sananniya ce, ba a kama wani da laifin wani. Yaron firamare a Landan bai jefa bam a kan kowa ba. Mu da muke kuka in an jingina mana ta'asar masu tayar da bam a kasuwanninmu da masallatanmu, mun fi kowa sanin zafin wannan irin hukunci. Bugu da ƙari, mai gaskiya in ya haɗa da hujjar ƙarya ya cuci gaskiyarsa, domin ranar da aka tona ƙaryar za a yi watsi da duka biyun. Hakkin Falasɗinawa yana da isassun hujjoji na gaskiya, ba ya bukatar littafin jabu.

HUKUNCIN TURA LITTAFIN

Malaman tafsiri sun kawo sababin saukar ayoyin Suratun Nisa'i, daga ta 105 zuwa gaba. Wani mutum a Madina mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙu ya saci sulken maƙwabcinsa a cikin buhun da ke da gari, ya kai shi ajiya gidan wani Bayahude. Aka bi sawun garin har gidan Bayahuden, aka sami sulke. Dangin ɓarawon suka zo wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan'uwansu, tun da ga Musulmi ga kuma Bayahude da kaya a hannu. Sai wahayi ya sauka ya wanke Bayahuden, ya tona asirin mai laifin, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga duk wanda zai aikata laifi ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ayoyin nan muna karanta su a salla har gobe. A Suratul Hujurati kuma an umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu mutane cikin jahilci mu koma muna nadama.

Saboda haka amsata ga ɗan'uwa mai tambaya ita ce, bai halatta ya tura littafin nan ga kowa a matsayin gaskiya ba, bayan ya san jabu ne. Mai yaɗa ƙazafi abokin tarayyar mai ƙirƙirarsa ne, kuma danna waya da yatsa ba ya rage nauyin abin a mizani. Ya kuma koma wurin abokin aikinsa cikin ladabi da taushin harshe ya gaya masa asalin littafin, wataƙila shi ma bai sani ba ne, kamar yadda ni ban sani ba a dā.

Sauran 'yan'uwa kuwa, 'yan kasuwa da ma'aikata, musamman masu zama a garuruwan da Musulmi suke 'yan tsiraru, akwai abin dubawa a nan. In an zalunci ɗayanmu a wurin aiki ko a kasuwa, wa ke rubuta ranar da wurin da shaidu? In hukuma ta nemi jin ta bakinmu, wakili nawa ke zuwa, kowa da tasa magana? Attajiranmu nawa ne suka ɗauki nauyin makaranta har ta shekara 50 tana aiki bayan ransu? Hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, duk inda ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita.

Allah Ya tsare harsunanmu da hannayenmu daga hakkin bayinSa, Ya taimaki duk wanda aka zalunta a bayan ƙasa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa tambayoyin da suka taru a kan hukuncin cinikayya da bashi tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Wassalamu alaikum.